Shirya motar kai kaya kafin a kama hanya: tambayoyi da amsoshi

Maganar da ke nan ta shafi rufaffun motocin rarraba kaya matsakaita, waɗanda nauyinsu haɗe da lodi bai wuce kilo 3,500 ba. Duk inda adadin da ke cikin littafin motarka ya saɓa da wanda muka kawo, bi na littafin.

Lafiya lau na ajiye motar jiya. Dole ne sai na sake duba ta yau?

Dole ne. Ƙusar da ta shiga taya da yamma ba ta nuna kanta sai da safe, bayan iska ta kwana tana zurarewa. Haka ɗigon mai ko na ruwa: ba a ganinsa ana tafiya, sai mota ta kwana wuri guda ya taru a ƙasa. Dubawar ba ta cin fiye da minti 10 zuwa 15 ga wanda ya saba.

Ka riƙe tsari guda kullum. Fara daga ƙofar direba, ka zagaya motar ta ɓangare ɗaya har ka dawo inda ka fara. Mai tsalle daga taya zuwa fitila zuwa bonet shi ne ke mance abu. Kuma dubawa biyu ce: ɗaya kafin lodi, inji yana sanyi, ɗaya bayan an gama lodi, domin motar da ta ɗauki kaya ba ita ce wadda ka duba babu komai a ciki ba. Idan direbobi da yawa ke karɓa-karɓa da mota ɗaya, wanda zai tuƙa ta yau shi zai duba da idonsa.

Na ga jiƙa a ƙarƙashin motar. Yaya zan gane ko matsala ce?

Dangwala da farar takarda ko tsumma ka duba. Baƙi mai kauri man inji ne. Ruwa mai launi, kore ko ja ko ruwan hoda, mai ɗan santsi, na lagireto ne. Dizal da fetur warinsu ke tona su. Idan jiƙar tana jikin taya ta ciki, mai santsi ce kuma launinta kamar na man girki, ka ɗauka man birki ne, motar ba ta fita sai bakanike ya gani. Farin ruwa marar wari da ke ɗiga bayan an yi amfani da na'urar sanyaya mota ba komai ba ne.

Me zan duba a cikin bonet?

Man inji da farko. Mota ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, inji a kashe. Idan ya yi aiki, ba shi minti 5 zuwa 10 mai ya koma ƙasa. Zaro sandar awo, goge ta, mayar da ita har ƙarshe, sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamar ƙasa da ta sama. A yawancin injuna tazarar alamomin biyu kusan lita 1 ce, don haka in ka same shi a ƙasa, zuba rabin lita, jira, sake aunawa. Cikawa ya wuce alama ɓarna ce: mai yana kumfa, yana matsa wa robobin da ke tare shi. Abu biyu ke bukatar bakanike ko da awon ya cika. Idan mai ya koma launin madara, ruwa ya shiga cikinsa, sau da yawa ta gasket. Idan kuma a motar dizal ka ga mai yana ƙaruwa da kansa, dizal ne ke gangarawa cikinsa yana tsinka shi.

Ruwan lagireto kuwa ana duba shi ta jikin robarsa, ba sai an buɗe ba. Kada ka taɓa murfin inji yana da zafi. Ruwan yana cikin matsi, zafinsa kan haura digiri 100, da ka sassauta murfin zai tafasa ya feso maka a fuska da hannu. Idan kullum sai ka ƙara ruwa, to akwai inda yake fita.

Daga nan sai man birki, ruwan wanke gilashi, fambel ko ya tsattsage ko ya saki, da kawunan batir ko sun yi farin gari ko suna motsi. Motocin dizal masu amfani da AdBlue, ruwan da ke tsaftace hayaƙin salansa, suna ba da gargaɗi tun da nisa, amma in ya ƙare ƙaf, da ka kashe inji ba zai sake tashi ba sai an zuba. Ga mai tsayawa sau talatin a rana wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Iska nawa ya kamata in sa wa taya?

Adadin yana kan wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko cikin murfin tanki, ko a littafin mota. Za ka ga adadi biyu, na mota marar kaya da na mai cikakken lodi, kuma na ƙafafun baya yakan fi yawa idan da lodi. Wanda aka rubuta a jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba shi ake bi ba.

Auna da geji, taya tana sanyi. Bugun taya da ƙafa ko kallonta ba ya gaya maka komai, musamman tayoyin motar kaya masu taurin gefe, waɗanda za su rasa iska mai yawa ba su nuna ba. Bayan tafiya iska kan hau da kimanin psi 3 zuwa 4 saboda zafi. Kada ka rage ta, in ta huce za ta koma daidai.

Ƙarancin iska ne ya fi fasa tayar mota mai lodi. Gefen tayar yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, yana ɗaukar zafi, har wayoyin ciki su rabu da roba. Sau da yawa direba kan ce iska ce ta yi yawa, alhali rashinta ne ya dafa tayar.

Ban da iska, me ake dubawa a taya?

Zurfin zane. A ƙasashe da yawa mafi ƙarancin da doka ta yarda da shi milimita 1.6 ne, kuma a cikin ramukan zanen akwai ƙananan tudu masu wannan tsayi. In zane ya yi daidai da su, taya ta ƙare. Shawararmu a canza tun tana kusan milimita 3, domin daga nan riƙonta a jiƙaƙƙen titi yana raguwa sosai. Karya sitiyari har ƙarshe ka leƙa gefen ciki na tayoyin gaba, don can ne taya ke cinyewa a ɓoye idan saitin ƙafa ya goce. Cinyewa a gefuna biyu ƙarancin iska ne, a tsakiya kuwa yawanta.

Kumburi a gefen taya yana nufin zaren ciki ya tsinke. Ba a yi masa faci.

Duba rubutun jikinta ma. Tayar motar kaya tana da harafin C bayan girmanta, misali 215/65 R16C 109/107. Lambar 109 tana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,030. 107 kuma kilo 975 ne, idan an jera su biyu-biyu a baya. Tayar ƙaramar mota mai girma iri ɗaya za ta shiga wilin, amma ba a yi ta don wannan nauyi ba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin tayar su ne ranar haihuwarta: 2321 yana nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tsohuwar taya tana bushewa ta tsattsage ko da zanenta bai taɓu ba, abin da ya fi samun safaya ke nan.

Sai notuna. Layin tsatsa da ya fito daga gindin noti, ko ƙarfe mai ƙyalli a kewayensa, alama ce yana motsi. In an cire ƙafa an mayar, a sake ɗaure notunan bayan kimanin kilomita 50.

Yaya ake gwada birki mota tana tsaye?

Inji a kashe, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri. Riƙe shi a take ka tayar da mota. Ya kamata ka ji ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka, alamar na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi tana aiki. Ci gaba da dannawa na daƙiƙa 30. Idan yana sulalewa ƙasa a hankali, mai yana zurara a wani wuri ko babban famfon birki ya gaji. Idan yana da laushi kamar soso, iska ta shiga layin. Duka biyun ba a fita da su.

Man birki yana ɗan sauka a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, amma saukar dare ɗaya yoyo ne. Yana kuma shan danshi daga iska, shi ya sa yawancin kamfanoni ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Man da ya sha ruwa yana tafasa a doguwar gangara da lodi, birki ya tafi ƙasa babu riƙo.

Da ka motsa, taka birki kana tafiya kamar ta mai ƙafa. Kada motar ta ja gefe, kada ka ji ƙarar ƙarfe kan ƙarfe. Birkin hannu kuma a gwada shi da lodi a ɗan gangare, domin mai kai kaya yana dogara da shi a kowace tsayawa.

Fitilun dashbod fa?

Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba. Duk fitilun gargaɗi su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko ita ma abin tuhuma ce. Ja yana nufin a tsaya, musamman na mai, na zafin inji da na birki. Na birki ka fara tabbatarwa ba birkin hannu ne a ɗage ba. Rawaya yana nufin a kai a duba ba da jimawa ba.

Fitilun waje sai an zagaya: manya, ƙanana, sigina, na ribas, na lamba. Na birki ka sa wani ya tsaya a baya, ko ka matsa kusa da bango ka ga hasken a madubi. Siginar da ke ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba tana gaya maka ƙwai ɗaya ya mutu. Idan lodi ya danne baya, hancin mota yana ɗagawa, fitilu su riƙa haske idon masu tahowa. Yawancin motocin kaya suna da ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3 na sunkuyar da su. Yi amfani da shi, ka mayar in kaya sun sauka.

Kaya nawa motata za ta iya ɗauka? Ai akwai sauran wuri a ciki.

Wuri daban, nauyi daban, kuma nan ne aka fi yin kuskure. A jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet akwai farantin kamfani mai adadi huɗu a jere. Na farko shi ne iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. Na biyu nauyinta haɗe da tirela. Na uku, mai lamba 1, iyakar ƙafafun gaba. Na huɗu, mai lamba 2, iyakar ƙafafun baya.

Ga lissafi na misali. Iyaka kilo 3,500, motar ita kaɗai da cikakken tanki 2,200, saura 1,300. Cire direba 80, yaron mota 70, kantocin da aka ƙera a ciki da baro da kayan aiki 100. Abin da ya rage wa kaya 1,050 ne. Yanzu ka ɗauki takardar ofis: kwali mai ƙunshi biyar na takarda A4 ta yau da kullum kilo 12.5 ne, wato kwali 84 sun cinye nauyin gaba ɗaya, kuma ko kwatan motar ba su cika ba. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Tayil, fenti, littattafai, batura, duk haka suke.

Kuma za ka iya zama ƙasa da iyakar gaba ɗaya amma ka wuce ta ƙafafun baya, idan an tara nauyi kusa da ƙofar baya. Nauyin da ya wuce ƙafar baya yana ɗaga gaba kamar lilo: sitiyari ya yi sakayau, tayoyin gaba su rage riƙon ƙasa, alhali su ne ke juya mota kuma su ne ke yin mafi yawan aikin birki. Hanyar sani tabbas ita ce sikelin mota, a auna gaba, a auna baya, da direba a ciki. In lodinka iri ɗaya ne kullum, awo ɗaya ya isa ka san iyakarka. Sifirin da ya kwanta, ko bayan mota da ya zauna kan robar tsayawa, shaida ce an riga an wuce gona da iri.

Yaya zan jera kayan?

Masu nauyi a ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a raba daidai hagu da dama. Layin farko ya jingina da bangon da ya raba mazaunin direba da wurin kaya, ba tare da rata ba. Dalili shi ne kayan da ke jingine turawa kawai suke yi, amma waɗanda suka sami filin rabin mita sai sun ɗauko gudu sannan su daki bangon. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Idan mota ta tsaya cik a cikin rabin mita, kowane abu yana turawa da kusan ninki 20 na nauyinsa, kwali mai kilo 25 ya zama kamar kilo 500. Motar da ba ta da wannan bango ko ragar ƙarfe, bai kamata a loda mata abin da ya haura bayan kujera ba.

Ana cewa kayan da za a sauke ƙarshe su fara shiga. Gaskiya ne, amma in wannan ya ci karo da rabon nauyi, nauyi ne ke gaba. Abu mai nauyi da za a fara saukewa a sa shi saitin ƙofar gefe, kada a tura shi can ƙarshen baya. Ka tuna kuma lodin da ya cika da safe yana riƙe kansa, da rana kuwa ya yi giɓi. Bayan kowace babbar saukewa, sauko da na sama, tura saura gaba, sake ɗaurewa.

Kaya masu nauyi ma sai an ɗaure? Ai nauyinsu zai riƙe su.

Ba zai riƙe ba. Nauyi yana ƙara riƙon ƙasa, amma yana ƙara ƙarfin turawa daidai gwargwado, don haka injin wanki da kwalin biskit a birki ɗaya suke fara zamewa in ƙasansu iri ɗaya ne. Bambancin kawai ɓarnar da kowanne zai yi. Ƙa'idar Turai ta EN 12195-1, wadda aka tsara don motocin da suka haura kilo 3,500, tana lissafi da cewa ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, rabin nauyin kuma ta gefe da ta baya, kuma wannan na tuƙin yau da kullum ne da birkin gaggawa, ba na karo ba.

Yi amfani da bel ɗin ɗaure kaya mai abin ƙara tsauri. A jikin alamarsa akwai LC, wato iyakar ƙarfin da bel ɗin zai riƙe, da adadi a ma'aunin daN, wanda kowane ɗaya kusan kilo ɗaya ne. Bel mai ƙulli, ko yanka, ko wanda mai ya jiƙa, ko wanda alamarsa ta goge, a jefar. Maƙala shi a zobban da kamfani ya sa a daɓen mota, ka duba ƙarfinsu a littafi, domin sau da yawa zoben ya fi bel rauni. Idan ɗaurin danne kaya ne ta sama, gwargwadon miƙewar bel tsaye gwargwadon dannawarsa. In ya kwanta ƙasa da digiri 30, kusan aikin banza yake yi. Sa kwali ko roba a kaifin kusurwa. Tabarmar roba a ƙarƙashin kaya tana rage yawan ɗaurin da ake bukata sosai, muddin an share daɓen daga yashi da mai. Igiyar roba mai ƙugiya ta riƙe tamfol ce, ba ta kaya ba. Baro ma a ɗaure shi.

Akwai kayan da ke bukatar kulawa ta daban?

Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, bakinta a rufe, a ɗaure, kuma wurin ya kasance iska na shiga. Sinadarai da mai kada su haɗu da abinci. Batirin lithium da ya kumbura ko ya fashe ba ya shiga cikin sauran kaya. Motar sanyi kuwa a kunna ta ta yi sanyi kafin lodi, domin na'urarta riƙe sanyi take yi, ba ta sanyaya kaya masu ɗumi. Daskararrun kaya digiri 18 ƙasa da sifiri, masu sanyi kawai tsakanin 0 da 5, kuma a bar wa iska hanya a sama da gefe. Kaya masu haɗari da yawa suna da dokarsu da takardunsu a kowace ƙasa.

Ƙofofi da rufi fa?

Ƙofar gefe mai zamewa tana iya kamawa rabi ta yi kamar ta rufe. Ja ta da hannu ka ji. Kada a yi tafiya ƙofar baya a buɗe, domin ban da zubar kaya, hayaƙin salansa yana juyowa cikin mota. Abin da aka ɗora a rufi yana da iyakar nauyi a littafi, haɗe da nauyin ƙarfen ɗorawar kansa, kuma yana sa mota saurin karkata a kwana. Auna tsayin motar da abin da ke samanta, rubuta ka manna inda kake gani.

A mazaunin direba me ya rage?

Kwashe duk abin da ke iya gangarawa. Gorar ruwa da ta shige ƙarƙashin birki ta isa ta hana shi sauka. Takardu a kan dashbod suna hasko kansu a gilashi. Saita kujera yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa in ka take kuloci har ƙasa, ƙirjinka ya yi aƙalla santimita 25 daga sitiyari, saman matashin kai ya yi daidai da saman kanka. Rufaffiyar mota ba ta da madubin tsakiya mai amfani, don haka na gefe su ne idonka: goge su, saita su ka riƙa ganin ɗan siririn jikin motar kawai, sauran duk hanya. Gwada hon, waifa da bel. Adireshi da taswira a shigar da su mota tana tsaye, domin kallon waya na daƙiƙa 2 a gudun kilomita 50 tafiyar mita 28 ce ba ka ga hanya ba. Motar lantarki kuma a tabbatar an zare wayar caji, kuma cajin zai kai da lodi, wanda ke rage nisan tafiya.

Kayan gaggawa su kasance inda hannu zai kai ba sai an sauke lodi ba: alamar gargaɗi mai kusurwa uku, riga mai ƙyalli, tukunyar kashe wuta da allurarta ke kan kore, akwatin taimakon farko, tocila, jak da sifana. Lasisi, inshora, takardun mota da na kaya su ma a duba ranar ƙarewarsu.

Direban kansa fa?

Wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, tuƙinsa yana lalacewa kusan kamar na wanda ya kai iyakar barasa da ƙasashe da yawa suka sa wa direba. Magungunan mura da na ƙaiƙayi da dama suna sa barci, karanta takardarsu kafin ka sha. Tsara hutun minti 15 bayan kowace awa biyu ta tuƙi tun kafin ka tashi. Takalmi ya zama mai riƙe ƙafa, ba silifa ba.

Na sami matsala, ga kaya ana jira. In tafi ko in tsaya?

Matsalar birki, sitiyari mai lilo ko tauri, taya mai kumburi ko wayar da ta fito, noti da ya saki, yoyon fetur ko dizal, jar fitila a dashbod, ƙofar da ba ta kullewa, lodin da ya wuce iyaka: da ɗaya daga cikin waɗannan mota ba ta fita. Ƙananan abubuwa kamar ƙwan fitila ko ruwan gilashi, gyara su nan take. Ko wanne ne, rubuta shi da kwanan wata da adadin kilomita, ka miƙa wa mai kula da motocin. In babu matsala ma rubuta hakan, domin ita ce shaidarka cewa ka duba.

Da na tashi shi ke nan?

Da saura kaɗan. Kashe rediyo a kilomitocin farko ka saurara: ƙarar abu yana zamewa in ka taka birki, bugu a kwana, girgizar sitiyari. Bayan minti 15 zuwa 20 nemi wuri mai aminci ka tsaya ka sake ƙara wa bel tsauri, domin kaya suna zama da girgizar hanya, ɗauri ya saki. Bar tazarar aƙalla daƙiƙa 3 zuwa 4 tsakaninka da na gabanka in da lodi, ka ninka ta in ana ruwa. A wurin saukewa na farko, buɗe ƙofar baya ɗaya-ɗaya kana tsaye a gefe, ko da wani abu ya jingina da ita a hanya.